Littafin da Ka Biya Kuɗinsa a Kindle, Na Wane Ne?

Tun ranar 26 ga Fabrairu 2025, lokacin da kamfanin Amazon ya rufe hanyar sauke littattafan Kindle, wato na'urarsa ta karanta littattafai, a kwamfuta domin a tura su na'urar ta kebul, masu kare kamfanin suke ta nanata cewa babu abin tayar da jijiyar wuya, tunda littafin yana nan cikin asusunka kuma intanet za ta kawo maka shi duk sa'ad da ka so. Mai faɗin haka bai lura da abin da aka ƙwace ba. Ta waccan hanya ce mai saye yake adana kwafin littafinsa a inda hannun kamfani ba ya kaiwa.

A kasuwa, da zarar mai kaya ya ce ya sallama, kuɗi sun shiga aljihunsa, ikonsa a kan kayan ya ƙare. Littafin takarda kana iya ba da shi aro, ka sayar, ko ka bar wa 'ya'yanka gado. Amma sharuɗɗan Amazon, waɗanda kusan babu mai karanta su, sun fayyace cewa lasisin karatu aka ba ka, ba a sayar maka da komai ba, alhali kalmar saye ce a rubuce a wurin da ka latsa ka biya. Wannan haya ce aka yi mata rawanin ciniki.

Kuma ba zato ba ne, an gani a ƙasa. A watan Yulin 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane daga nesa ya goge littafin 1984 na George Orwell, saboda wanda ya sa shi a kasuwa ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar da kuɗi, shugaban kamfanin na lokacin, Jeff Bezos, ya nemi afuwa, amma ƙofar da aka bi aka shiga ba a toshe ta ba. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan da jama'a suka biya suka daina buɗewa gaba ɗaya; mayar da kuɗi ba ya dawo da littafin da mutum ya zaɓa ya ajiye.

Hujjar cewa ana sa wa littattafan kwaɗon da ke hana kwafe su ne domin hana satar fasaha ba ta cancanci dogon sharhi ba, domin ɓarawo ya daɗe da sanin yadda ake ɓalle wannan kwaɗo, mai gaskiya kaɗai ake kullewa. Kamfanin buga littattafai na Tor ya cire kwaɗon daga littattafansa tun 2012, kuma har yau yana kasuwa.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, da ta hana kiran irin wannan ciniki saye sai an bayyana wa mutum cewa lasisi ne. Gyaran lafazi kawai ta yi. Abin da ya kamata shi ne a tilasta wa kowane shago ya miƙa wa mai saye kwafin da zai buɗe a kowace na'ura, ko kuwa ya rubuta haya ɓaro-ɓaro, ya kuma rage farashi zuwa na haya.