Ba kuɗin fenti ake biyan mai zane ba

A makon jiya na raka wani abokin aikina wurin wani mai zane da fentin mai a nan Jos. Ya ga zanen wani tsohon kududdufin kuza, irin waɗanda suka cika hanyar Bukuru, ya yi sha'awarsa, amma da aka faɗa masa farashi sai ya ce, "Haba malam, nawa fentin yake gaba ɗaya?" Har muka rabu raina a ɓace yake, domin wannan tayi ne na tumatir a kasuwar Farin Gada.

Fentin mai ba ya bushewa yadda ruwa yake bushewa, sai dai man da ke cikinsa ya sha iska ya daskare a hankali. Saboda haka mai zanen yakan yi shafi ɗaya ya jira kwanaki kafin ya ɗora na biyu, kuma idan ya yi gaggawa, bayan 'yan shekaru fuskar zanen za ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Man sheƙi na ƙarshe kuwa akan jira wata 6 ko fiye kafin a shafa shi. A sanyin Jos jiran ƙaruwa yake yi. Na tarar da mai zanen da muka je wurinsa ya juya zanuka uku suna fuskantar bango don kada ƙurar hunturu ta manne musu, burusansa a jiƙe cikin gwangwanin madara da kananzir, kuma ya matse wani bututun shuɗin fenti har ya zama kamar ganye, domin daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mun san darajar wannan aiki idan wasu suka faɗa mana. A 2018 aka sayar da zanen "Tutu" na Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, a Landan a kan sama da fam miliyan ɗaya, muka yi ta yayatawa da alfahari. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, inda masu zane irin su marigayi Yusuf Grillo (tun tana kwaleji, kafin ta zama jami'a) da marigayi Gani Odutokun suka yi karatu, yana nan yana yaye ɗalibai duk shekara, amma da yawansu sun koma rubuta allon shaguna.

Wasu za su ce suna gudun hoton mai rai ne, kuma ina girmama hakan. To, mutumin nan duwatsun Shere da ruwa yake zanawa, babu ko tsuntsu a ciki. Abokin nawa dai bai saya ba, zanen yana nan jingine kusa da taga.