Yadda na tashi gyara Python saboda Kawu Ɗanjuma

Wallahi duk abin nan Kawu Ɗanjuma ne ya jawo min. Ana tara kuɗin gyaran taransifoma a unguwarmu, da yake ni ake ce wa mai kwamfuta sai aka ɗora min jera sunayen waɗanda suka biya. Na rubuta ɗan kod layi bakwai da Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, na sa sorted, umarninsa na jera abubuwa, ya jera su, na buga aka manna a bangon masallaci. Ana idar da la'asar sai ga kawu da takardar a hannu: "Kai yaro, ni da na fara biya ni za ka kai ƙasan Zubairu mai shayi?" Na duba, da gaskiyarsa. Ɗahiru, Ɗanjuma, Ƙasimu duk suna can gindin takarda kamar marayu.

Ashe Python ba ruwansa da abacadarmu, lambar da Unicode, tsarin haruffan kwamfuta, ta ba kowane harafi yake bi, Z lambarta 90, Ɗ kuwa 394, Ƙ 408, to dole su koma baya. Mai hankali a nan zai gyara kod ɗinsa ya kwanta. Ni kuwa na ce ai ba a yi mana adalci ba, tunda manhajar a buɗe take kowa na iya kai gyara, Python ɗin kansa zan gyara. Har na faɗa a majalisa cewa sunana ya kusa shiga ciki.

Na sayi data, na sauko da kod ɗin daga GitHub, shafin da ake ajiye shi, ashe da wani yare, C, aka rubuta wurin, ni kuma C ɗina bai wuce gaisuwa ba. Kwana uku ina lalube cikin duhu, na tura gyaran da ƙarfe biyun dare. Kafin wani ɗan Adam ya gani bot, manhajar da ke gadin wurin, ya tare ni a ƙofa: ban sa hannu a yarjejeniyar masu ba da gudummawa ba, ban sa lambar ƙorafi ba, ban rubuta ɗan bayanin canji ba, sai kuma gwaje-gwaje suka bi layi suna ja ja ja kamar an yanka rago.

Da safe wani bawan Allah ya amsa min cikin ladabi, irin ladabin da ke sa mutum zufa. Ya ce wannan ba ɗan gyara ba ne, canza halin yaren ne gaba ɗaya, kuma duk mai kod da ya dogara da tsohon jerin zai wayi gari kayansa sun wargaje. Ya ce ni ina son Ɗ kusa da D, Bajamushe na son ä kusa da a, mutumin Suwidin kuma tasa ä ɗin bayan z take, to ta wa za a bi? In na dage, sai na fara kai shawarar a tattauna, in ta yi farin jini na rubuta PEP, wato cikakkiyar takardar dalili da tsari har da hanyoyin da aka duba aka ajiye, sannan na samo ɗaya daga cikin manyan masu kula da kod ɗin ya tsaya min, kamar dai waliyyi a ɗaurin aure. Daga nan ta je gaban majalisar mutum biyar da ake zaɓa, su ce e ko a'a. Ko an yarda ma sau ɗaya ake fitar da sabon Python a shekara, a Oktoba, kuma tun Mayu ake rufe ƙofar sabbin abubuwa. Ni da kawu ya ba ni zuwa Juma'a.

Na ɗan yi bincike don na samu abin kare kaina, sai na tarar shi kansa Guido van Rossum da ya ƙirƙiri yaren, rigimar PEP 572 kan 'yar alamar := ce ta sa ya sauka daga shugabanci a Yulin 2018, bayan nan ne aka kafa majalisar. Mai gida ma bai sha da daɗi ba balle ni ɗan ci-rani.

A ƙasan amsar mutumin ya ƙara layi ɗaya, wai ko na san sorted yana karɓar key, zan iya ba shi jerin haruffan da nake so? Na sani mana, mantawa na yi. Layi uku suka gama aikin. Na rufe buƙatar gyaran tawa da hannuna, na rubuta godiya, a majalisarmu ta hira kuma na ce ana kan tattaunawa.

Ranar Juma'a aka manna sabuwar takarda, Ɗ ta dawo bayan D yadda aka koya mana a firamare. Kawu ya sa tabarau ya bi da yatsa, ya tsaya, ya juyo: "Yanzu kuma Dauda ƙanena ne a samana?"