Notin milimita ɗaya da ya zubar min da girma

Wayar Yaya ce, iPhone 7 ɗin nan da take riƙe da ita tun tana yayi. Batir ya mutu, na ce kawo, aikin minti ashirin ne. Notuna biyu na ƙasa, masu kai kamar fure mai ganye biyar, suka fita lafiya da sukudireba P2. Na ɗaga sikirin. Sai ga farantin ƙarfen da ke rufe mahaɗin batir, da notuna huɗu: uku milimita 1.2, ɗaya 2.4.

A ido kamar na gicciye ne, sai na ɗauki sukudireba PH000, mai bakin gicciye. Ashe tun 2016, daga wannan samfurin, Apple ta koma sa masu baki uku a ciki, sukudireba Y000 suke so. Uku suka fita da ƙyar. Na huɗun ya zame sau ɗaya. Nan ne mai hankali yake tsayawa, don kowace zamewa tana ƙara cinye kan notin, ga kuma shuɗin gam ɗin da ke jikin zarensa yana riƙe da shi. Ni kuwa na ƙara murɗawa har sau biyar, sai da kan ya koma kamar ƙaramin kwano.

Duk wannan Kawu na tsaye a kaina. Mutumin da rediyonsa ke ɗaure da kyauro shekara da shekaru shi ne ke cewa, "Ɗana, ƙarfi za ka sa." Ƙarfin da ake so na dannawa ne ƙasa, sukudireba a tsaye cak, murɗawa a hankali. Shi nasa ƙarfin na ɓalle ƙofa ne. Kuma har yau bai dawo min da filayata ba, wadda da tana nan ma ba za ta kama kan notin da ya shafe da faranti ba, amma dai tawa ce.

Na samo Y000, na yanko 'yar roba daga safar hannu, na shimfiɗa a kan notin don ta cike gurbin. Dabara ce mai aiki idan ramin na da sauran gefe. Nawa babu. Zafi yana sassauta gam ɗin zare, amma batir na nan dab da wurin, ban yi gangancin ba. Tsaga kan da reza don sa sukudireba mai baki ɗaya ma na fasa, tunda batir bai cire ba, garin ƙarfe kaɗan ya faɗa kan fanel, wato allon injin wayar, shi ke nan.

Saura sufa gulu. Ƙa'idarsa: a ɗebo da tsinin allura, ɗigo ƙasa da ƙwayar idon kifi, a kan bakin sukudireba kawai, a dasa a kan notin, a riƙe ba motsi ya bushe sarai. Ni matsa kwalbar na yi kai tsaye. Ya gangaro ta jikin ƙarfen, ya kama babban yatsana da manuni. Na ɗaga hannu, wayar ta biyo ni, sikirin na lilo a jikin siririyar igiyarsa. Daidai lokacin Yaya ta shigo. Ba ta yi magana ba. Ta dubi wayar, ta dubi hannuna, ta sake duban wayar. Na ce, "Yaya, haka ake yi." Da hannu ɗaya na tallafe sikirin, ɗayan kuma a sama kamar mai rantsuwa a kotu. Kawu ya ce ai notin kaina ne ya kwance, ba na wayar ba, ya kuma maimaita don ta ji da kyau.

Ruwan goge farce ne ya raba ni da sukudireba. Notin kuwa ya fito, manne da bakinsa, har yanzu suna tare. Farantin da notuna uku na mayar. Kawu ya ce zai duba filayar.