Wai Falasɗinawa ne suka sayar da ƙasarsu?

Duk lokacin da rikicin Gaza ya taso sai kaga wani ya fito a Facebook yana cewa ai su suka sayar da ƙasar da hannunsu, yanzu kuma suna kuka. Maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa take yawo, amma in ka bi ta a hankali ba ta tsayawa.

Eh, an yi ciniki. Yahudawan da suka gudo daga kisan da ake musu a Rasha tun 1881 sun kafa ƙauyuka a Falasɗinu irin su Rishon LeZion a 1882, Theodor Herzl ya tara taron masu neman kafa wa Yahudawa ƙasa a birnin Basel a 1897, a 1901 kuma aka buɗe asusun musamman na saya wa Yahudawa filaye. Toh amma wa ya sayar? Nan gizo ke saƙar. A 1858 Daular Usmaniyya, mai mulkin yankin a lokacin, ta yi dokar rajistar filaye, talaka manomi kuwa yana gudun takarda don tsoron haraji da kamen soja, sai attajiran birni suka rubuta sunansu a kan gonakin da ko ƙafa ba su taɓa sa wa ba. Iyalan Sursock na Bairut, misali, su suka sayar da mafi yawan kwarin Marj Ibn Amir da ke arewacin Falasɗinu tsakanin 1921 da 1925, suna zaune a Lebanon suka karɓi kuɗinsu, manoman da kaka da kakanni suke noma wurin aka ce su tattara. Kuma ƙa'idar asusun nan shine filin da ya shiga hannunsa ba a sake sayar da shi, ba a ba wanda ba Bayahude ba haya, ko ƙwadago ba a so Balarabe ya yi a ciki. A da in gona ta canja mai ita manomi yana nan, hannun da yake miƙa wa kason amfanin gona ne kawai ya canja. Wannan karon manomin aka canja.

Abin da ya fi ɗaukar min hankali ma taswira ce. Duba inda Yahudawan suka fara zama: bakin teku daga Yafa zuwa Haifa, kwarin nan, sai gefen tafkin Tabariyya. Fadamu masu sauro da fili shimfiɗaɗɗe, inda masu takardar suke nesa. Tuddan Nablus da Al-Khalil kuwa, duk da nan ne tarihin addinin nasu ya fi yawa, ba su samu shiga sosai ba, don can ƙananan manoma ne riƙe da gonakinsu. Wannan layin matsugunan shi Majalisar Ɗinkin Duniya ta bi a 1947 ta zana rabon ƙasar tsakanin Yahudawa da Larabawa, kuma shugabannin Yahudawan tun kafin nan sun san haka, shi ya sa a dare ɗaya cikin Oktoban 1946 suka kafa matsugunai 11 a hamadar Negev.

Duk cinikin nan na shekara sittin da ɗoriya bai wuce kashi 7 cikin 100 na ƙasar ba. Rabon 1947 ya ba Yahudawa wajen kashi 55, yaƙin 1948 ya kai shi kusan 78, Falasɗinawa wajen 700,000 suka bar gidajensu, sannan dokar da Isra'ila ta yi a 1950 ta kira su waɗanda ba sa nan ta riƙe gonakin. Tuddan da aka kasa saya kuwa, tankar yaƙin Isra'ila ce ta shiga su a 1967.