Ashe sabulun da nake yi wa 'yata wanka da shi ke nan

Wallahi wannan labari na sinadaran kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a sabulu ya tayar min da hankali. Tun 2016 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta hana sa triclosan da triclocarban a sabulun wanka da na wanke hannu, domin kamfanoni sun kasa nuna ya fi sabulun gama-gari amfani. Ga kuma fargabar kada ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Ni kuwa shekara biyu ina cuɗa 'yata da irinsa saboda ƙurajen zafi. Jiya na juya bayan kwalin, da ƙyar na karanta ƙananan rubutun, sai ga triclocarban. Don Allah NAFDAC a duba abin da ke jibge a kantunanmu.