An ba 'yata tunkiya

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Tun ranar Asabar abin nan yake cina a rai, na kwanta na tashi da shi, shi ya sa na ce gara in rubuta ko wata uwa ta tsira daga abin da na yi.

Ranar Alhamis 'yata mai shekara shida ta dawo daga makaranta. Ko jaka ba ta ajiye ba ta rugo madafa tana haki. "Mama, Mama, an raba diramar Kirsimeti! Ni ce tunkiya! Anti ta ce ki samo mini auduga da farar riga." Nan take ta durƙusa da hannu da gwiwa a kan siminti, tana zagaye murhu tana "meee, meee", tana dariya har da faɗuwa. Ni kuwa ina yanka albasa. Kun san abin da ya fara fita daga bakina? Na ce, "Tunkiya? To wa aka ba Maryamu?" Ta faɗi sunan yarinyar. Na taɓe baki na ce, "Ai dama."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban zage ta ba, ban ɗaga murya ba. Amma yarinyar nan ta miƙe tsaye, ta karkaɗe gwiwoyinta a hankali, ta tsaya tana duban fuskata. Can ta ce, "Mama, tunkiya ba kyau ne?" Na ce ta je ta cire yunifom.

Da dare na ɗauki waya na kira wata ƙawata da yaranmu ke aji ɗaya. Muka zauna muka yi wa malamar nan da iyayen waccan yarinya filla-filla. Ai ubanta ne ya ba makaranta kujeru. Ai don fara ce. Ai bara ma ita ce mala'ika. Mun kusa awa guda muna wannan, kati yana ƙonewa, ni da na tsaya a gaban zumuntar mata makon da ya wuce na yi jawabi a kan tawali'u. Ranar Asabar na ɗaura ɗankwali na bi 'yata wurin gwaji, da nufin in ja malamar gefe in "yi mata magana".

Ashe an riga ni. Na tarar da wani uba a bakin ƙofar aji, makullin mota a hannu, yana yi wa malamar faɗa a gaban yara. An sa ɗansa cikin sojojin Hirudus, shi kuwa sarki yake so a ba shi, cikin masu kawo kyautai. Yana ta maimaita nawa yake biya kowane zango. Malamar yarinya ce ƙarama, ba ta kai ƙanwata ba, tana riƙe da kambin kwali da ta yanka ta manna wa takarda mai ƙyalli, tana ta "Yi haƙuri Baba, yi haƙuri Baba", idonta ya cika da ƙwalla. Ɗan kuma yana tsaye a gefe da takobin katako, ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci da mutumin nan ƙwarai. Sai wani abu ya ce mini a zuci, ke kuma me ya kawo ki? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bambancina da shi ɗaya ne, shi ya faɗa da ƙarfi, ni na shirya in faɗa da murmushi.

Da ya tafi malamar ta share ido ta gaishe ni. Ta ce, "Mama, lafiyar yarinyar nan kuwa? Ranar Alhamis ita ta fi kowa murna a ajin nan. Jiya ta ce mini ba ta so kuma." Na waiga na hango 'yata a can baya cikin tumaki. Sauran suna ta kuka suna tsalle, ita ta zauna a kan dugaduganta ta yi shiru.

Ni na yi wannan. Ba malama ba, ba uban waccan yarinya da kujerunsa ba. Yarinya ta shigo gida da farin ciki cike da hannu biyu, na karɓe na ba ta kunya a madadinsa.

Iyaye, don Allah mu ji tsoron Allah a kan yaran nan. Yaro ba ya sanin akwai babban matsayi da ƙarami a dirama sai ya karanta a fuskarmu. Shi dai an ce zai sa kaya, zai hau dandali, Mama za ta zo kallo. Mu ne muke koya masa cewa makiyayi ƙasƙanci ne, jaki abin dariya ne, tauraro na waɗanda ba su iya magana ba ne. Mu ne muke cewa, "Kai kullum a baya, dubi ɗan wane." Na san uwar da ta cire 'yarta daga wasan gaba ɗaya don ba a ba ta mala'ika ba, ta ce wa yarinyar za su yi tafiya, alhali suna gida. Na san uban da bai je kallo ba sam, ya ce shi ba zai bar shago don ya ga ɗansa da sanda da tsohon bargo ba. Akwai masu zuwa su ɗaga waya su ɗauki nasu kawai, da ya gama layinsa su miƙe su fita, yaran wasu su ƙarasa wa kujeru. Akwai masu kai wa tela yadi mai tsada a ɗinka wa Maryamu riga kamar ta amarya, don a san 'yar waye. Na taɓa ji da kunnena, a cikin taron Kirsimeti, wata ta raɗa wa ta kusa da ita, "Wannan baƙar ce mala'ika?" Yarinyar da ake magana a kanta ba ta fi taku biyar da su ba. Wa ya gaya mana kalar fatar Jibra'ilu? Kuma da yaro ya ga jama'a ya rikice ya manta abin da ya haddace, maimakon a rungume shi, tun a hanya ake fara masa: "Ka ba ni kunya." Kunyar wa? A gaban wa?

Ba mu muka fara wannan ciwo ba. Ku tuna uwar 'ya'yan Zabadi a Matiyu 20. Mace ce mai bin Yesu da gaske, ta zo ta durƙusa a gabansa, da ladabi da komai, ta roƙi a zaunar da 'ya'yanta biyu ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ba don kanta ta roƙa ba, don 'ya'yanta ne, kamar yadda ni ma na gaya wa kaina a hanyar makaranta. Yesu ya ce ba su san abin da suke roƙo ba. Sauran goman suka ji haushi, maganar uwa ɗaya ta kusa raba almajirai. Abin da ke sa jikina sanyi shi ne, matar nan tana cikin matan da suka tsaya daga nesa ranar gicciye, Matiyu ya ambace ta a sura 27. Da idonta ta ga waɗanda aka sa a damansa da hagunsa ran nan: 'yan fashi biyu a kan gungume. Ban san abin da ya ratsa zuciyarta ba, amma ni da na sake karanta wurin ranar Asabar da dare sai na rufe littafin na yi kuka.

Maryamun da muke rububi a kanta fa, mun tsaya mun duba abin da ta ɗauka? Budurwa da ciki kafin a kai ta ɗaki, a ƙauye irin Nazarat inda kowa ya san kowa. Mijin da aka yi mata baiko da shi har ya yi niyyar rabuwa da ita a ɓoye. Ta yi doguwar tafiya da tsohon ciki saboda ƙidayar Kaisar Augustas, ta haihu inda babu masauki, ta kwantar da ɗanta a komin dabbobi. Da suka kai shi Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, hadayar da Shari'a ta yarje wa wanda ba shi da halin ɗan rago. A can tsoho Saminu ya gaya mata takobi zai soki ranta. Daga nan sai gudun hijira zuwa Masar da jariri a hannu. Mu shuɗin mayafin muke so wa 'ya'yanmu da tsakiyar hoto. Yusufu kuma, da iyaye maza ke so a ba ɗansu, ku bincika Linjila huɗun nan, ba a rubuta ko kalma ɗaya da ta fito daga bakinsa ba. Aka ce tashi ya tashi, aka ce ɗauki yaron da uwarsa ya ɗauka.

Makiyayan da muke rainawa kuwa, su aka fara kai wa labari. Ba fadar Hirudus ba, ba gidan babban firist ba. Mutanen da ke kwana a fili da dabbobi, suna warin garke, su sama ta buɗe wa ta rera waƙa. Tumakin ma suna wurin. A garin Baitalamin nan dai, shekaru aru-aru kafin haka, Yesse ya jera 'ya'yansa bakwai a gaban Sama'ila, ya bar autan a daji yana kiwo, bai ma ga ya isa a kira shi ba. Uba ne fa ya yi haka, ba baƙo ba. Sama'ila ya ce ba za a zauna ba sai an je an zo da shi. Sau nawa muka koya wa yara wannan labari a makarantar Lahadi, sa'an nan mu juya mu zama Yesse a gidajenmu?

Ko asalin al'adar ma ba don a nuna ɗan kowa aka fara ta ba. A shekarar 1223 Faransis na Asisi ya shirya komi da ciyawa, ya sa aka kawo sa da jaki a wani ƙauyen Italiya mai suna Girechiyo, don mutane su ga da idonsu irin talaucin da Ubangiji ya sauko ciki. Dabbobi ne a gaba ran nan. Shekara ɗari takwas bayan haka, mu mun mai da shi wurin auna arzikin iyaye.

Ban ce son kai ba ya faruwa wajen rabon ba. Yana faruwa, a makarantu da majami'u duka. Malamai, ku ma ku ji: idan kowace shekara ɗan fasto ne Yusufu, 'yar dattijo ce Maryamu, farare ne mala'iku, yaran da iyayensu ba su gama biyan kuɗi ba su ne dabbobi, to yara suna gani, Allah ma yana gani. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta yi magana a kan mai zoben zinariya da ake ba wuri mai kyau, a ce wa matalauci ya tsaya can. Ku juya abin, ku ba mai in'ina layi ɗaya ya gwada, ku ba marainiya mayafin ko sau ɗaya. Amma mu iyaye, ko da mun tabbata an yi rashin gaskiya, akwai hanyar magana: a keɓe, da mutunci, kuma don dukan yara, ba don nawa kaɗai ba. Ni ba adalci ya kai ni makaranta ranar Asabar ba. Da 'yata aka ba Maryamu shekara uku a jere, da ba wanda zai ji bakina.

Kuma mu tuna, a cikin yaran da za su hau dandalin nan akwai waɗanda ba wanda zai zo kallonsu. Wasu iyayen sun rasu, wasu rikici ya raba su da ƙauyukansu suna zaune wurin dangi. Irin yaron nan zai leƙa cikin jama'a yana neman fuska ɗaya da ta sani. Mu da Allah ya bar mu da rai da lafiya har muka zo, sai mu zauna muna kumbura don an ba namu sanda maimakon kambi?

Don Allah, don Allah, idan yaronka ya rugo ya gaya maka abin da aka ba shi, ka ajiye abin da ke hannunka ka dube shi. Kada tambayarka ta fari ta zama wa aka ba wane. Ka ce ya gwada maka. Idan jaki ne ka tambaye shi yadda jaki ke tafiya, idan tauraro ne ka nemo kwali ku yanka tare. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: hassadar da muka yi a waya yau, ita za su yi wa juna a ofis da cikin ikilisiya gobe, mu dawo muna kuka da yaran zamani.

Ranar Lahadi bayan sujada na zaunar da 'yata a cinyata na ce, "Ki yafe mini, Mama ta yi kuskure. Tunkiya tana da kyau, tana cikin waɗanda suka kwana kusa da inda mala'iku suka yi waƙa." Ta dube ni ta ce, "Da gaske?" Na ce da gaske. Jiya na sayo auduga, muna ta manna wa a tsohuwar farar rigar yayanta, ita ke miƙo mini ina ɗinkawa. Ta yi mini "meee" sau ɗaya, a hankali, tana satar kallon fuskata ta ga ko zan sake taɓe baki. Ba irin na ranar Alhamis ba ne. Wannan kallon shi ya hana ni barci.

Ranar Juma'a ne wasan. Zan je da wuri in nemi malamar in ba ta haƙuri, ko da yake ba ta san abin da na zo da shi ba ran nan. Ƙawata ma na kira ta mun yi magana. Ku da naku wasan ke tafe, ku zauna har ƙarshe, ku tafa wa sojan Hirudus, ku tafa wa yarinyar da aka ba Maryamu ko 'yar waye, ku nemi yaron da ba wanda ya zo dominsa ku ce masa ya yi ƙoƙari. Ni kuma ku sa ni a addu'a, 'yan'uwa, Ubangiji ya mayar wa yarinyar nan abin da na ƙwace mata.