Jaridar Telegraf ta Bulgeriya da kuɗin da ke bayanta

'Yan uwa, akwai wata jarida a ƙasar Bulgeriya da labarinta ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sunanta Telegraf, kullum take fitowa daga Sofiya, babban birnin ƙasar, tun 2005. Irin jaridun nan ne masu manyan baƙaƙe a shafin farko, hoto ya cinye rabin shafi, labari gajere, ga kisan kai, ga ƙwallo, ga tsegumin mawaƙa. Arha ce ta ɗaga ta. Tsoho ɗan fansho zai tsaya a rumfar mai jarida, ya lalubo 'yan sulalla a aljihu, ya naɗe ta a hammata. Da haka ta shiga sahun gaba a ciniki.

Ni ban raina irin wannan jarida ba. Mutanen da suka yi shekaru suna karanta Rabotnichesko Delo, bakin jam'iyyar kwaminis, sun cancanci a yi musu magana da harshen kasuwa, kuma wata jarida mai suna 24 Chasa ta fara yin hakan tun 1991.

Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Telegraf ta koma hannun kamfanin New Bulgarian Media Group na Irena Krasteva, mahaifiyar ɗan majalisa Delyan Peevski. Kafin zaɓen 2009 jaridun gidan suna ta caccakar ɗan siyasa Boyko Borisov. Yana zama firaminista sai waƙa ta sauya, aka koma yabo. Wallahi wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin tsohon nan mai sulalla ba wanda ya gaya masa dalili. Da safe ya buɗe jaridarsa kawai ya tarar mugun jiya ya zama gwarzo.

A Yunin 2013 aka naɗa Peevski shugaban hukumar tsaron ƙasa, jama'a suka cika titunan Sofiya har aka janye naɗin. A 2014 ya ɓata da Tsvetan Vasilev, mai bankin KTB da ake alaƙantawa da kuɗin jaridun, sai shafukan suka juya kan Vasilev, bankin kuma ya durƙushe a shekarar. A 2021 Amurka ta ƙaƙaba wa Peevski takunkumi kan cin hanci, a shekarar ne kuma Telegraf ta koma hannun kamfanin United Group.

Har yanzu ina tunanin 'yan jaridar da aka sa su rubuta zagin Borisov, sannan aka sa su rubuta yabonsa a kan teburi ɗaya.